Neman shawara: kakan babana ya tashi maraya a Mai Wurno, ta ina zan gano asalinsa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da muka taso muka ji a gida shi ne iyayen kakan babana suna cikin jama'ar da ta bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Uban ya rasu a yaƙin Burmi, uwar ta rasu a hanyar gabas, aka isa Sudan da shi da ƙanwarsa suna ƙanana, wani malami ya riƙe su a Mai Wurno. Ɗan marayan, wato kakana, shi ya dawo Kano. Sunan da muke amsawa na malamin ne, ba mu san sunan mahaifin kakan babana ba balle garinsu. Ƙanwar kuwa an ce can aka aurar da ita, daga nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarta. Ta ina zan faro?

Baban Zara, Gombe: Wa alaikis salam, 'yar uwa. Burmi nan ƙasar Gombe take, wajen Bajoga, kuma ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi karon ƙarshe. Amma kada ki sa rai da takardun Turawa. Sun rubuta Sarki da manyan da ke tare da shi da nasu Manjo Marsh da aka kashe, talakawa kuwa ƙidaya kawai aka yi musu. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna za su nuna miki yadda tafiyar ta kasance, ba sunan mutum ɗaya ba. Kuma kada ki ɗauka lallai Basakkwace ne, don mutanen ƙasar Kano da Misau da Bida duk sun shiga ayarin.

Hajiya Inna: 'Yata, bar takarda tukuna, nemi tsofaffin matan gidanku. Gwaggonninki su suka zauna da shi ko da matansa. Ki tambaye su irin tsagar da ke fuskarsa, ko yana jin Fillanci, da sunan da ya sa wa ɗansa na fari da 'yarsa ta fari. Maraya yakan mai da sunan iyayensa kan 'ya'yansa, sai a riƙa kiran yaron Abba ko Baba saboda kunya, sunan yanka ya ɓuya. Ki ɗauki maganarsu a waya, kowacce ita kaɗai, don in kin haɗa su babbar ce za ta yi ta magana sauran na gyaɗa kai.

Malam Na Zaure: Ki bi sawun gado. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa, kuma malamai sun san umarnin Suratul Ahzab na a kira kowa da sunan ubansa. Da wuya a ce malamin bai san sunan ba. In akwai Alƙur'ani ko littafi na hannu da kakanki ya zo da shi, duba bangon ƙarshe, can ake rubuta haihuwa da rasuwa.

Ɗan Gadarif: Ni a Sudan aka haife ni. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, shi ya kafa garin a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, har yau akwai gidan sarauta, kuma dattawan unguwanni sun san zuriyar kowane malami. Ta wajen jikokin malamin za ki samu ƙanwar, don shi ne waliyyinta. Sai dai ki yi a hankali: dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta fifita waɗanda suka zauna tun kafin 1898, shi ya sa gidaje da yawa ba sa son a tono cewa daga baya suka zo. Wasu ma sun bar garin sun bi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Yanzu kuma ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane sun watse. Ki fara da gaisuwa da jaje kafin tambaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yayan kakana Abba ake ce masa har ya rasu, gobe zan je wajen gwaggona in ji sunansa na yanka. Ɗan Gadarif, zan turo maka sunan malamin ta saƙo, ko akwai wanda ka sani a zuriyarsa.