Gyaran ƙasa ko ofishin mashawarta: wace hanya ce ta fi dacewa da sabon mai digiri a Saudiyya?

Ɗan Rusaifa:
Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne, kuma ina dab da kammala digirin farko a fannin kimiyyar muhalli. Tun da aka ƙaddamar da shirin mayar da Saudiyya kore a 2021, wanda ya ɗauki alkawarin dasa itatuwa biliyan 10, ake ta ce mana fanninmu zai yi kasuwa. Hanyoyi biyu ne a gabana: kamfanonin da ke ba masu gine-gine da masana'antu shawara kan muhalli, da kuma aikin daji na farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da takardar zama ɗan ƙasa. Yayye da iyaye da ke cikin wannan aiki, wacce za ku ba ni shawarar in kama, kuma wane ilimi ake nema a wurin mai neman aiki?

Mashawarci a Riyad:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Cibiyoyin gwamnati, irin su cibiyar kula da tsirrai da yaƙi da kwararowar hamada da cibiyar kula da namun daji, 'yan ƙasa suke ɗauka da farko, saboda haka ƙofar mai iƙama ita ce kamfanoni masu zaman kansu da 'yan kwangilar da ke yi wa cibiyoyin aiki.

Abin da ke ciyar da ofisoshin mashawarta shi ne dokar muhalli ta 2020. A ƙarƙashinta an kasa ayyuka gida uku gwargwadon illar da za su iya yi, kuma manyan ayyuka ba sa samun izini daga cibiyar ƙasa mai sa ido kan bin dokokin muhalli sai an gabatar da rahoton nazarin tasirinsu, wanda ofishi mai lasisi ya shirya. Sabon ma'aikaci zai fara ne da ɗiban samfurin ƙasa da ruwa, da auna ƙura da ƙara, da ƙidayar tsirrai da tsuntsayen wurin kafin a kawo motocin tono. Ka iya zana taswira da manhajar kwamfuta ta QGIS ko ArcGIS, ka kuma iya rubuta rahoto da Larabci da Turanci, domin yawancin masu digiri a rubutu suke faɗuwa. Nauyin aikin kuwa amana ne: mai biyan kuɗin rahoton shi ne mai aikin da ake bincika, kuma akwai ranar da zai so a sassauta wani adadi. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a auna ba.

Baba Mai Gandu:
Ɗana, ni mutumin Maiwurno ne a jihar Sinnar, na yi aikin gandun daji a Sudan kafin in zo nan, kuma ra'ayina shi ne ka fara da daji ko da albashin bai kai na ofis ba. Wanda bai taɓa bin dashe tun daga gandun reno har ya ga abin da ya rage bayan zafin bazara ba, shawararsa a takarda kawai za ta tsaya.

Dasa itace shi ne ɓangare mafi sauƙi. A ƙasar da mafi yawanta ba ta samun ruwan sama da ya kai milimita 150 a shekara, gwaninta tana wajen ruwa: inda yake gangarowa, yadda za a tsayar da shi ya nutse, da itacen da zai rayu bayan an janye tiyo. Ka karanta aikin Al-Baida da ke kudu da Makka, wanda aka fara a 2010, inda aka jera duwatsu a kan tuddai, aka haƙa ramuka masu tare ambaliya, daga baya aka daina ban ruwa, itatuwa da dama kuma suka ci gaba da rayuwa. Kusa yake da kai. Ka kuma san itatuwan gida da idonka, kamar sidir, wadda muke kira kurna, da itatuwan ƙaya irin su samur da ɗalha. A Sudan an shigo da wani baƙon itace mai ƙaya da ake kira maskit don ya tsayar da rairayi, sai ya mamaye gonaki da magudanan ban ruwa, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Masana ne suka yi wannan zaɓi, manoma kuma suka biya.

Kada ka raina abin da mutanenmu suka sani. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka riƙa barin kututturan gona su tofo suna yi musu aski maimakon su sare, ta haka aka farfaɗo da hekta miliyoyi a Nijar ba tare da dashe ba. A nan ma, wurin da aka hutar daga kiwo yakan tofo da kansa, wanda shi ne tsohon tsarin hima na Larabawa, sai dai ba ya yiwuwa sai an zauna da masu raƙuma da awaki an daidaita.

Yaya a Jidda:
Ƙanena, akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, wato gaɓar Bahar Maliya, inda ake dashen itacen ƙurum mai tsirowa cikin ruwan gishiri da kuma gyaran murjani. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Suwal tana bincike sosai a kai, kuma manyan ayyukan yawon buɗe ido na gaɓar suna buƙatar masu sa ido na dindindin. Takardar shaidar nutso a teku tana da amfani a nan. Ka kuma binciki sana'ar da za a rubuta maka a iƙama tun kafin ka karɓi aiki, domin mai sunan injiniya sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya.

Ɗan Rusaifa:
Allah ya saka da alheri. Zan nemi horon ƙarshen karatu a wurin ɗan kwangilar dashe, in ci gaba da koyon taswira da yamma. Baba, wane wata ne ya fi dacewa a tara irin samur da kurna a yankin Makka, kuma yaya ake jiƙa shi kafin shuka?