Neman shawara: an yi wa Inna aikin amodari, sati bakwai ido bai daina hawaye ba

Maman Sadiya, Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawararku nake nema a kan mahaifiyata. Ta haura shekara 60, kuma amodari ya daɗe tare da ita tun muna ƙauye wajen Mirriya. Tun ina yarinya na san ta da 'yar matsefata ƙulle a haɓar zani. In hantsi ya dubi ludayi sai ta zauna bakin ƙofar ɗaki, ta kira ɗaya daga cikinmu ya tsige mata gashin idon da ya juya ciki. Bana da aka gama girbin hatsi muka lallaɓa ta har ta yarda aka yi mata aiki a fatar idon dama ta sama. Allura aka yi wa wurin, ba a sa ta barci ba. Washegari aka cire bandeji, ranar kwana 10 aka cire zare, na taho da ita nan Damagaram ta yi jinya a wurina.

Yau sati bakwai ke nan, hankalina bai kwanta ba. Idon kullum cikin hawaye yake, musamman da safe da iskar hunturun nan. Shekaranjiya na ɗaga fatar idon, na ga wani tsiro ja a ciki, kamar ƙwayar dawa, in ta goge da mayafi sai a ga ɗan jini. Bakin fatar idon ma bai daidaita da na hagu ba, ya ɗan ɗage a tsakiya. Da dare na haska ta da fitilar waya tana barci, na ga idon bai rufe duka ba, farin yana ɗan leƙowa. Sannan akwai gashi biyu can kusurwa wajen hanci da nake ganin sun fara komawa ciki.

Abin da ya fi damuna, ta ce ita da aikin idon hagu har abada, alhali shi ma an ce yana bukata. Gwaggona kuma ta matsa a kira wanzami ya cire tsiron, ko a riƙa ɗiga zuma. Ni ce na tsaya kai da fata sai an yi aikin nan, yanzu ko kallon idon ba na iya yi ban ji nauyi a zuciyata ba. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimake ni.

Hajiya Babba, Birni:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Ni da kaina an yi mini a ido biyu. Hawayen nan na fi wata uku ina fama da shi, fatar idon kuma in na taɓa sai in ji kamar ba jikina ba, kamar an sa mini ƙyalle a wurin. A hankali jin ya dawo. Kada ki ɗora wa kanki laifi. Wanda bai kwana da gashi yana kartar ƙwayar idonsa ba, bai san abin da kika fitar da ita daga ciki ba. Amma wanzami kam a'a. Aska ba ta kusantar ido.

Ɗan Zango:

Allah ya sawwaƙe. Amma zuma ai waraka ce, ni ban ga aibun a gwada ba. Akwai kuma wani maganin ɗigawa da ake samu wajen masu tebur a Kasuwar Dole, kwana biyu yake kashe jan ido. Ni na sha amfani da shi.

Majo mai ritaya, Sabon Gari:

Ɗan Zango, ka yi haƙuri ɗana, zan saɓa maka. Zuma a sha ta, amma ba a zuba ta a idon da aka yi wa aiki. Maganin tebur kuwa shi ya fi ba ni tsoro. Da yawa daga masu kashe ja nan take akwai kortizon a ciki, irin su deksametazon. In akwai ƙuje a baƙin ido, kortizon na iya mayar da shi gyambo, kuma in aka daɗe ana ɗigawa yana hawar da ƙarfin ruwan ido har jijiyar gani ta lalace ba tare da mutum ya ji ciwo ba. Ba a sa shi sai wanda ya duba idon da fitila ya rubuta.

Maman Sadiya, na yi shekaru a ɗakin shan magani na karkara, na ga masu wannan aiki da dama. Ban ga Inna ba, saboda haka maganata ba ta maye gurbin dubawa, amma bari in gaya miki abin da na fahimta.

Amodari ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sunanta klamidiya. Tana kama mutum tun yana yaro, ta warke ta dawo, ta warke ta dawo, kowane zuwa ya bar tabo a cikin fatar ido. Tabon ne ke tsukewa ya ja bakin fatar ciki, gashi ya koma yana shafar baƙin ido. A aikin, ana tsaga ɗan abu mai tauri kamar guringuntsi da ke cikin fatar ido ne, a juyo bakin waje, a ɗaure da zare. A ƙasashenmu na nan an fi yin irin wanda ake kira Trabut, wanda ake tsagawa ta ciki. Kuma da gangan ake ɗan zarce juyawar kaɗan, domin in ya warke yana komawa baya. Don haka ɗagewar da kike gani a sati bakwai ba lallai ita ce kamannin ƙarshe ba. Ba a yanke hukunci a kan siffar fatar ido sai tsakanin wata 3 zuwa 6, shi ya sa ma ake ba da randebu a wannan lokacin.

Tsiron nan, yadda kika kwatanta shi, ja, mai laushi, mai saurin jini, a daidai inda aka tsaga, ya yi kama da naman da ke tohowa a bakin rauni, wanda likitoci ke kira granuloma. Sananne ne bayan wannan aiki, wani lokaci guntun zare da ya maƙale ne ke jawo shi. Ba ciwon daji ba ne. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a datse shi da ɗan almakashi, a duba ko akwai zare a cire. Aikin mintoci ne, a zaune ma ake yi. Kuma shi kansa yana iya zama rabin dalilin hawayen, tunda kowane ƙiftawa yana gogar ido.

Rashin rufuwar ido da dare shi ne ba na so ki yi wasa da shi. Idon da ya kwana a buɗe bushewa yake yi, balle a wannan hazo. Ki faɗa wa mai dubawa wannan da bakinki, don da rana ba zai gani ba. Yawanci man ido ake ba da wa a sa lokacin kwanciya. In da sauran pomadin tetrasiklin da aka ba ku bayan aiki, ki tafi da bututun ki tambaya ko shi za a ci gaba da shi.

Kada ki jira randebun wata uku. Ki kai ta cikin satin nan, wurin da aka yi aikin ko sashen ido na babban asibiti, da takardarta. In kuwa kika ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko ciwo mai tsanani, ko mugunya, ko ta kasa kallon haske, ko ta ce ganinta ya ragu, to ranar nan za ku tafi, ba gobe ba.

Maman Sadiya, Garin Malam:

Baba Majo, Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji numfashina ya sauka. To gashin nan biyu fa? Ƙanena ya ce a datse su da almakashi. Kuma me ya sa ido zai bushe alhali hawaye ne ke zuba?

Majo mai ritaya, Sabon Gari:

Kada a datse, ɗiyata. Gashin da aka yanke kututturensa ya fi tsini, kamar karan dawa bayan girbi. In suna taɓa ido kafin ku je, a tsige daga tushe da matsefata mai tsabta, cikin haske, mai gani sosai ya yi. Gashi ɗaya ko biyu a kusurwa sau da yawa tsigewa kawai ake ci gaba da yi, amma mai dubawa ne zai ce.

Maganar hawaye kuwa, tabon amodari yana lalata wuraren da ke fitar da maiƙo da santsin da ke riƙe ruwa a kan ido. Sai ido ya bushe ya yi zafi, jiki ya turo ruwa tsagwaro wanda ba ya zama, sai ya gangaro kumatu. Aikin bai gyara wannan ba, gashi kawai ya kawar. Akwai ruwan ɗigawa mai kama da hawaye a farmasi, ki tambaya a rubuta mata. In tana da ciwon suga ki faɗa musu, yana jinkirta warkewar rauni.

Abban Yusufa, Magarya:

Ni zan faɗi nawa ko da ba daɗi. Mahaifina an yi masa, bayan shekara guda da wani abu gashin ya dawo, sai da aka sake. Ran da aka ce za a sake, kwana biyu bai yi mini magana ba. Abin da ya ɓata mana rai shi ne babu wanda ya gaya mana tun farko cewa yana iya dawowa, kuma babu wanda ya ce mana aikin ba ya goge hakiya. Shi ya ɗauka zai tashi yana gani tar. Da an faɗa masa gaskiya da bai ji an yaudare shi ba. Shawarata ki zauna da Inna ki tambaye ta me ta zata aikin zai yi mata. Wataƙila ba tsiron ne ya sa ta ƙi idon hagu ba.

Baba yanzu shekara huɗu ke nan da na biyun, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Yayarsa da ta ƙi yarda a taɓa ta, jikarta ke jan ta da sanda.

Malama Uwani, Karkada:

Abban Yusufa ya taɓo inda yake. Kuma ku lura, mata ne wannan abu ya fi kamawa, saboda mu ke goyo, mu ke share wa yara kwantsa da majina da bakin zani. Maman Sadiya, mayafin da Inna ke goge ido da shi a canza, a ware mata ƙyalle mai laushi nata ita kaɗai, ana wankewa da sabulu kullum. Kwalli a ɗan dakata da shi, tandunta kuma kada kowa ya sa tsinke a ciki. Ki raba ta da bakin murhu, na san halin iyayenmu, ba sa iya zama suna kallo ana girki. In za ku hau kabu-kabu zuwa likita ki saya mata tabarau mai faɗi, ƙurar garin nan yanzu ko mai lafiyayyen ido kuka take sa shi.

Su Sadiya kuma a dage da wanke musu fuska safe da yamma, ƙuda kan kwantsa yake sauka ya kai wa wani. In masu rabon azitromisin, maganin sha na kashe ƙwayar amodari, sun zo unguwa ko ƙauye kada a ɓoye yara. Gana ta rabu da amodari a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, Mali da Benin a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tabbatar, kuma ba da wani abu suka yi ba sai aikin nan, da maganin, da wanke fuska, da masai.

Hajiya Babba, Birni:

In kin ga dama ki kawo mini ita bayan la'asar, ko ni in zo. Ta ga idona da idonta. Tsohuwa ta fi jin maganar tsohuwa. Gwaggon taki ma a zo da ita, kada a yi abin a bayanta ta ji an raina ta.

Maman Sadiya, Garin Malam:

'Yan uwa na dawo da labari. Ranar Litinin muka je. Kamar yadda Baba Majo ya ce, tsiron naman rauni ne, kuma an sami ɗan guntun zare baƙi a gindinsa, ma'aikacin ya nuna mini shi a kan auduga, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Inna ta riƙe hannuna gam, amma ta ce ba ta ji zafi ba sai sanyin ƙarfe. An tsige gashin biyu, an ba mu man dare da ruwan ɗigawa, an ce mu koma in aikin ya cika wata uku a duba bakin fatar. Baƙin idon an ɗiga masa wani ruwa rawaya an haska, an ce akwai bushewa daga ƙasa amma babu gyambo.

Abban Yusufa, na tambaye ta kamar yadda ka ce. Ta yi shiru, can ta ce ita ta ɗauka za ta koma tana zura zare a allura. Na gaya mata abin da ka faɗa game da hakiya, ba ta ce komai ba.

Jiya Hajiya ta zo, sun daɗe a ɗaki su uku da Gwaggo, ni ina tsakar gida ban shiga ba. Hawayen ya ragu amma bai tsaya ba, da dare kuma har yanzu idon yana ɗan buɗe, ina sa mata man in ta yi sallar isha'i. Maganar idon hagu ta ce a bari sanyi ya wuce tukuna. Baba Majo, gashi biyar ne a na hagun, biyu suna kan baƙin ido. Zai iya jira har watan Maris in ina tsige mata, ko in sake lallaɓa ta?