Wane kanu ne ya dace da labarin rufe Firefox Send?

Hauwa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin aikin jarida, kuma malaminmu ya ba mu wani tsohon labari domin mu sanya masa kanu da Hausa. Labarin ya shafi Firefox Send, hanyar tura manyan fayiloli da kamfanin Mozilla ya ƙaddamar a watan Maris na 2019, ya kuma daina gudanar da ita a 2020. Na rubuta "An rufe Firefox", sai malam ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, bai ce mini komai ba. Don Allah ina kuskuren yake?

Malam Bala, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kuskuren shi ne kin kashe uwa alhali ɗiya ce ta mutu. Firefox manhajar shiga intanet ce, kuma har yau ana amfani da ita. Send kaɗai aka rufe. Duk wanda ya ga kanunki yana cikin Keke Napep daga Kawo zuwa kasuwa, ba zai buɗe labarin ba, zai dai gaya wa na kusa da shi cewa Firefox ta daina aiki, daga nan kuma magana ta bazu.

Sannan ki lura da aikatau, domin abin ya faru ne a mataki biyu. A watan Yuli na 2020 Mozilla ta dakatar da Send, bayan an gano cewa masu kutse suna amfani da ita wajen yaɗa miyagun manhajoji, kuma a lokacin ana sa ran za ta dawo bayan gyara. Sai a watan Satumba kamfanin ya sanar da cewa ya rufe ta gaba ɗaya. Saboda haka "dakatar" ya dace da labarin Yuli kawai; idan kika yi amfani da shi a na Satumba, kin bar mai karatu yana jiran abin da ba zai dawo ba. Da ni ne, zan rubuta: "Mozilla ta rufe hanyar tura fayiloli ta Firefox Send baki ɗaya".

Usman, Kawo:
Malam, a gafarce ni, amma ina ganin kanun ya yi tsawo, kuma mutanenmu da yawa ba su san sunan Mozilla ba.

Malam Bala, Tudun Wada:
Gaskiyarka, Usman, ana iya cire Mozilla a ce "An rufe Firefox Send". Sai dai kada a taɓa kalmar Send, ko da wuri ya yi kaɗan.

Hauwa, Unguwar Rimi:
Na gode, Baba. Na sake duba takardar da aka ba mu, ashe labarin na Satumba ne, don haka "rufe" zan bari, in ƙara Send.