Gadar Tower Bridge na neman raba ni da aikina, ku ba ni shawara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da zuwana Landan karatu. Kawu ne ya sayar da fili ya biya rabin kuɗin makaranta, sauran ni nake nema, ga Umma tana jiran ɗan abin da zan turo. Ina kai wa mutane abinci a keke. Sau biyu ina isa Tower Bridge in tarar an ɗaga ta don jirgin ruwa ya wuce, abinci ya huce, oga ya ce na uku sallama. Kuma wallahi tsoro nake kada ta buɗe ina tsakiya. Ya zan yi?

Injiniya: Ƙanena, ka san jigon lambu? To haka take. Ɓari biyu gare ta, kowane ɓari ya haura tan 1,000, amma akwai nauyi a gindinsa da ke sauka cikin rami a ginshiƙin gadar, shi ke taya inji ɗagawa. Da aka buɗe ta a 1894 injin tururi ke tura ruwa, tun 1976 mai da lantarki ne. Sai an kunna jar danja, an rufe shinge, kowa ya fice, sannan a zare sakatun da ke riƙe ɓarin biyu.

Bazazzagi: To bas mai lamba 78 da ta yi tsalle a 1952 gadar tana buɗewa fa?

Injiniya: Shekara sama da 70 ke nan, kada ka ƙara tsorata yaro. Jirgi sai ya sanar awa 24 kafin ya zo, kuma lokutan ɗagawa suna shafin gadar na intanet. Ka riƙa dubawa da safe.

Hajiya: Ɗana, ka bar aikin nan. Nawa yaron haka ya yi ta fama cikin sanyi, ƙarshe aka sace keken, ko sannu ba su ce masa ba.

Bazazzagi: Ka bi ta London Bridge, ita ba a ɗaga ta.

Ɗan Fagge: Zagaye ne Malam, kuma manhaja ce ke nuna min hanya. Hajiya, in na bari wa zai biya haya? Ba za a iya roƙonsu su daina ɗagawa da rana ba?

Injiniya: Roƙo? Doka ta fifita jirgi a kan mota. A 1997 ayarin shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ma sai da gadar nan ta raba shi biyu. Ka duba shafin na ce!

Ɗan Fagge: Yaya, ai ban san inda za a aike ni ba sai saƙo ya shigo.

Hajiya: Ni har yau kuɗin keken nan ke min ciwo.