Abin da aka tsayar kan zuwa gandun Nitmiluk

Jama'a, ga abin da na tsinto daga shawarwarin da mutane suka bayar kan zuwa gandun dajin Nitmiluk na arewacin Ostireliya:

1. Baki ya zo ɗaya kan lokaci: Mayu zuwa Satumba, wato lokacin rani a can. Da damina kogin Katherine kan cika, manyan kadoji su shigo, a hana iyo.
2. Ƙasar ƙabilar Jawoyn ce, 'yan asalin wurin, an maida musu ita a 1989. Zanen kakanninsu da ke jikin duwatsu, kallo kawai, ban da taɓawa.
3. Kwazazzabai 13 ne, nan aka rabu. Wasu sun ce jirgin ruwa na yawo ya wadatar, wasu suka dage sai kwale-kwale, ko da za a riƙa jansa kan duwatsu tsakanin kwazazzabai. Ni dai ina bayan masu kwale-kwale.
4. Hanyar Jatbula kwana biyar zuwa shida ce a ƙafa, a kama gurbi tun da wuri.