Neman shawara: An ce in wakilci hawanmu a ƙungiyar 'yan haya, amma ina tsoron mai gida

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata shida ke nan a unguwar Bronx da ke birnin New York, ina tuƙin tasi da dare, kuma ni da iyalina muna haya a wani tsohon bene mai hawa shida. A hunturun da ya wuce mun ji jiki, domin na'urar ɗumama ginin takan mutu kwana biyu ko uku a jere, ruwan zafi ya ɗauke, lif kuma ta yi wata guda ba ta aiki, har wata tsohuwa a hawa na biyar ta daina fita. Duk wanda ya je wurin sufa, wato mai kula da ginin, sai ya ce ya sanar da ofis, a ofis kuwa ba a ɗaga waya.

Yanzu wasu maƙwabta sun kafa ƙungiyar 'yan haya, sun kuma nemi in zama wakilin hawa na huɗu, saboda iyalai uku a hawan Hausa da Faransanci suke ji, Turancinsu bai nuna ba. Uwargida ta ce in rufa mana asiri in janye, tunda yarjejeniyar hayarmu za ta ƙare a watan Maris, ga kuma ƙanena da ke zaune tare da mu takardunsa ba su kammala ba. Mu an raine mu ne a kan cewa ɗan haya baƙo ne, ba ya ja da mai gida. Don Allah waɗanda suka riga ni sanin ƙasar nan su ba ni shawara.

Wani dattijo daga Harlem:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tarbiyyar da ka ambata ta dace da mai gidan da kuke haɗuwa a masallaci, wanda idan rufi ya yi yoyo za ka gaishe shi ka faɗa masa. A nan kuwa kamfani ne mai gidanka, bai san fuskarka ba, lambar ƙofarka kawai ya sani, kuma takarda ce harshen da yake ji. Dokar kadarori ta jihar New York, sashe na 230, ta ba 'yan haya damar kafa ƙungiya da yin taro a wuraren da kowa ke amfani da su a cikin ginin ba tare da biyan ko kwabo ba, muddin ba a tare hanya ba kuma lokacin ya dace. Sashe na 223-b ya haramta wa mai gida ramuwar gayya, kuma tun gyaran dokar haya na 2019, idan ya nemi fitar da kai cikin shekara guda bayan ka kai ƙorafi na gaskiya, kotu za ta ɗauka ramuwa ce sai in ya kawo wani dalili karɓaɓɓe. Game da ƙanenka, dokar birnin ta hana mai gida tsangwamar ɗan haya saboda matsayin takardunsa, duk da haka kada sunansa ya shiga kowace takardar ƙungiya, shi kuma ya ga lauyan shige da fice.

Dalilin da ya sa na ce ka karɓa shi ne gobarar Twin Parks ta ranar 9 ga Janairun 2022, a nan Bronx ɗin taku. Hita ce ta lantarki ta kama da wuta a wani gida, ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu ba su rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika bene mai hawa 19, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, mafi yawansu 'yan uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙan su. Idan gini ya yi sanyi, hitar nan ce mutane ke kunnawa su kwana da ita, saboda haka maganar ɗumi a gininku ta wuce maganar jin daɗi.

Wata Hajiya, tsohuwar sakatariyar ƙungiyar 'yan haya:

Malam, na yarda da Alhaji, sai dai ina so ka san aikin kafin ka ce to, domin na yi shekara uku a ciki. Mutane suna zaton zanga-zanga ce da ɗaga murya, alhali yawancinsa ƙwanƙwasa ƙofa ne da rubutu. Ka sayi ma'aunin zafi da littafi guda. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, idan waje ya gaza digiri 55 a ma'aunin Amurka, wajibi ne cikin gida ya kai 68, wanda shi ne 20 a ma'aunin da ka saba da shi a Nijar. Da dare kuma kada ya gaza 62, ruwan zafi kuwa dole ne a same shi duk shekara. Duk ranar da aka saɓa, ka rubuta kwanan wata da lokaci, ka ɗauki hoton ma'aunin, sannan kowane gida ya kira 311, wato layin wayar hukumar birnin da ake kai ƙorafi, da kansa ya adana lambar ƙorafin da aka ba shi. Suna da tafinta a layin, Faransancinka ma ya wadatar. Kiran gida talatin a dare ɗaya ba daidai yake da kiran mutum guda ba, kuma waɗannan lambobin su ne hujjarku idan kuka kai mai gidan kotun gidaje domin a tilasta masa gyara. Ka bi hawanka ka gwada ƙofar kowa, wadda ba ta rufewa da kanta ka shigar da ita cikin littafin.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Kada ka karɓi muƙamin ma'aji, kuma kada kuɗin ƙungiya ya kwana a aljihunka, domin mu dala goma-goma da muke tarawa ta kusa raba zumuncin da rashin ruwan zafi bai raba ba. Sannan kada ka mai da hawan naka fadar Hausawa zalla. Masu jin Sifaniyanci sun riga mu zama a gine-ginen nan, sun fi mu sanin hanyoyin hukuma, idan suka ga kuna ƙus-ƙus a harshenku za su ja baya. Ka jawo uwargidanka ciki ma, domin kai da rana barci kake yi, ita ce ta san sa'ar da ruwa ya ɗauke.

Wani ɗan uwa, direba:

Ni kam zan ɗan sa birki, Yaya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Doka a takarda gaskiya ce, amma ƙarfinta a kanka ya danganta da irin hayar da kake ciki. Idan gidanka yana ƙarƙashin tsarin ƙayyade kuɗin haya, wanda galibi ya shafi gine-gine masu gida shida ko fiye da aka gina kafin 1974, to kana da haƙƙin a sabunta maka yarjejeniya, ba alfarma ba ce. Idan ba ya ciki, kariyarka ta fi rauni. Ka nemi tarihin hayar gidanka daga hukumar gidaje ta jiha, kyauta ake bayarwa, kafin ka tsaya a gaban kowa.

Kuma idan ƙungiyar ta ce a daina biyan haya, kada ka bi sai da lauya a tsaye, sannan ka ajiye kuɗin kowane wata ba tare da ka taɓa shi ba. Na san wanda ya ji an ce yajin haya, ya aika da kuɗin can gida aka yi biki, ranar da alƙali ya tambayi ina kuɗin sai ido ya raina fata.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba yarjejeniyata a daren jiya, sai ga shafin da ke nuna gidan yana cikin tsarin ƙayyade haya, ashe shekara shida ina sa hannu ban taɓa karanta shi ba. Na karanta wa uwargida amsar Hajiya, ta ce littafin a hannunta zai zauna, tunda rubutuna ko ni ba na iya karantawa. Na shaida wa maƙwabtan cewa na karɓi wakilcin hawa na huɗu kaɗai, ban da kuɗi. Taron farko ranar Lahadi ne da ƙarfe 5 na yamma a zauren shiga ginin, kuma cikin ƙofofi takwas da na gwada ɗazu, uku ba sa rufewa da kansu, ciki har da tawa. Hajiya, wannan 311 zan kira a kai, ko sai na fara rubuta wa ofis?