Silaid ɗina na ƙodar ɓera sun ƙi fitowa, a taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah masu masta ko dakta a fisiyoloji da fatoloji ku zo ku cece ni. Ina masta a jami'ar gwamnati, aikina kan ƙodar ɓerayen da muka sa wa ciwon suga da sinadarin sitireptozotosin ne, to matsalar duk wajen silaid take, wato siririn yankan naman da ake ɗorawa kan gilashi a duba a maikuroskop. Na saka naman ƙodar a fomalin (ruwan da ke hana nama ruɓewa) kashi 10, amma maimakon awa 24 zuwa 48 sai da ya yi sati 3 a ciki saboda injin sarrafa naman ya lalace, yanzu in na yanka a maikurotom (injin yanka nama siriri) kan kaurin maikuron 5 sai ya riƙa farfashewa, wanda ya fita lafiya kuma rinin hematoksilin (mai shuɗi) ba ya kama shi sosai, rinin iyosin (mai ruwan hoda) ne kawai ya mamaye ko'ina, gulomerulus ɗin ma (matatar jinin da ke cikin ƙodar) da ƙyar nake gane shi.

Na canza reza, na sanyaya bulok ɗin farafin (kakin da ake dasa naman a ciki) a kan ƙanƙara, duk da haka dai. Sufabaiza na kuma cewa kawai ya yi in sake, alhali ɓerayen sun ƙare wallahi.

Daɗewa a fomalin ne ya jawo ko wajen cire ruwa da alkohol na yi kuskure? Akwai dabarar ceto bulok ɗin da suka rage?